Agwagin Kazar Ladi

Wani dare a farkon ɗari, ba a daɗe da idar da sallar isha'i ba, na ji fito daga sama. Ina zaune a tsakar gida ina jin ɗumin garwashi, jiniyar kamfanin fata ta gama kiran masu aikin dare ke nan, sai ga wata ƙara siririya, kamar mutane da yawa suna busa usur a can tsakanin taurari. Su busa sau uku, su yi shiru, su sake. Na ɗaga kai, ban ga komai ba. Ina cikin neman inda ƙarar ta nufa sai na ji an amsa, kuma amsar daga cikin gidana ta fito, daga akurkin da ke gindin rumbu.

Matata Rakiya ta leƙo daga ɗaki da fitila a hannu.

"Malam, wa ke fito a gidan nan da dare? So ake a tara mana macizai?"

"Ba ni ba ne. 'Ya'yanki ne."

"'Ya'yanka dai. Ni ban haifi mai faffaɗan baki ba."

Ga yadda aka yi muka samu 'ya'yan. A ƙarshen daminar shekarar, wajen saba'in da tara, katafila ta zo share fadamar da ke bayan ƙauyenmu a Calawa, za a kafa wani sabon kamfani. Na je kallo, don ni duk inda ake tone ƙasa sai na je na ga abin da za ta fitar. A cikin ciyawar da katafilar ta kwantar na tarar da ƙwai farare, da sauran ɗuminsu, uwar ta gudu. Na cire hulata na zuba su a ciki. Na ce wa Rakiya ƙwan zabin daji ne. Ta juya ɗaya a tafin hannunta ta ce ita dai ba ta taɓa ganin ƙwan zabo mai santsi haka ba, amma tunda na faɗa.

Kowa ya san zabuwa ba ta iya kwanci, kaza ake ba wa ƙwanta. To, a lokacin babu kazar Rakiya ko ɗaya da ke kwanci. Wadda ke kwanci ta maƙwabciyarmu ce, Ladi mai ƙosai, wata dattijuwa mutuniyar Damagaram da ta biyo ɗanta Idrisu lokacin da ya samu aiki a kamfanin fata. Al'adar kuwa sananniya ce: mai ƙwai da mai kaza, duk abin da aka ƙyanƙyashe raba shi suke yi daidai.

Ladi ta kawo kazar da kanta a hammata, wata ja mai guntun wuya. Tsakanin Bakano da mutumin Damagaram akwai wasa tun na kakanni, kuma Ladi ba ta taɓa barin nata ya kwana ba.

"Ga ta nan," ta ce. "Amma ku rantse ba za ku sayar da ita ba. Na san Bakano, ko inuwarsa ya samu mai saye sai ya sallama."

"Wa zai sayi kazar Damagaram? Ai ƙashi ne da gashi."

Da wata ya zagayo aka fara ƙyanƙyasa. Bakwai suka fito. Rakiya ta kira ni, na durƙusa a bakin akurki, sai ga baki shimfiɗaɗɗe, ga ƙafa mai fata tsakanin yatsu. Ladi ta yi dariya har ta zauna a kan turmi.

"Zabin daji! Malam Ashafa, a dajin naku zabi iyo suke yi?"

Kazar dai ba ta ga aibinsu ba. Tana tona musu ƙasa, tana kiransu, suna bin ta. Ranar da na fara kora su lambu suka hangi ruwan kwata suka afka, ta tsaya a gefe tana kuka tana kai da komo kamar uwar da yaranta suka hau motar da ba ta sani ba. Daga baya ta saba. Sai ta samu inuwar jigo ta kwanta, tana kallonsu da ido ɗaya.

Lambuna ɗan ƙarami ne, a gangaren kogi, albasa da tumatir da latas. Ba na musun abin da Rakiya ke faɗa, cewa da ina kallon shukata kamar yadda nake kallon sama da mun yi rufin kwano tuntuni. Amma ɗari lokacin baƙi ne, wa zai sunkuyar da kai? Da sassafe, ma'aikata na wucewa a kan kekuna sun naɗe kunnuwa da rawani, balbelu ke fara sauka, su bi ruwan da nake kwararawa suna tsintar abin da ya kora. Alhudahuda ya zo ya buɗe tukkunsa ya rufe, kamar mai tunanin ko ya yi magana ko ya fasa. Zakaran ƙeƙuwa kuwa, tsuntsun nan na bakin ruwa, ba ya gajiya da masifa, ko giftawa ka yi sai ya bi ka da zagi har bakin hanya. Akwai kuma wani ɗan tsuntsu mai rawayan ciki, kullum yana kaɗa wutsiya tsakanin kunyoyin albasa. Da sanyi yake zuwa, kafin zafi ya kankama ya ɓace, kuma ban taɓa samun wanda ya ga sheƙarsa ba. Na tambayi masunta, na tambayi wani direban tirela da ke zuwa har Agadas. Direban ya ce shi hanya yake kallo.

Cikin waɗannan duka agwagina suka girma. Ba su yi jiki irin na agwagwar gida ba. Dogayen ƙafa, dogon wuya, tsayuwa cak kamar 'yan sanda a fareti. Kuma ba su taɓa yin wata ƙara da ta wuce 'yar tsuwa ba, sai a daren nan da aka kira su daga sama suka amsa. A nan na gane su. Kirinjijiya ce, agwagwar ruwa mai farar fuska, irin waɗanda ke taruwa a kan yashin kogi in ruwa ya ja baya.

Gari na wayewa Ladi ta yi sallama. Ita ma ta ji.

"Danginsu sun zo biko," ta ce. "Malam Ashafa, ba wasa ya kawo ni ba yau. Yarinyar nan Sauda, matar ɗana, watanta ya tsaya, yau ko gobe. Rabona na agwagin nan na riga na yi niyyarsa, farfesun mai jego ne. In suka tashi, da me zan fita kunyar surukata? A rage musu fiffike."

"Bakwai ne fa, Ladi. Bakwai ba ta rabuwa biyu. A bari tukuna mu ga yadda za a yi da na bakwan."

"Ni uku, kai uku, na bakwan na kaza ne, ita ta sha wahala. Kaza kuwa tawa ce."

"Wannan lissafin Damagaram ne."

"A rage musu fiffike, na ce."

Gaskiyarta ce, kuma na san gaskiyarta ce. Ta ba da kazarta wata da watanni, ko ƙwai ɗaya ba ta ci ba. Na ce to. Amma ranar almakashin Rakiya ya dakushe. Washegari hannuna na rawa saboda sanyi. Ranar da ta biyo na kama ɗaya, na buɗe fiffikensa a kan gwiwata, na ga yadda gashin ya jeru, kowanne ya ɗan hau kan ɗan'uwansa kamar jinkar da gwani ya yi, zuciyarsa na bugawa a tafin hannuna. Na sake shi na ce wa Rakiya rana ta yi.

Ladi ba ta ƙara yi mini magana a kai ba. Ranar Lahadi sai ga Idrisu a ƙofar gida da wani ƙaton almakashi a cikin tsumma. Mutum ne dogo mai sanyin magana, ya kai shekara talatin. Aikinsa a kamfani gyaran gefen fata: in an jeme ta an busar, shi ke bi da almakashi yana daidaita bakinta kafin a ɗaure a kai unguwar masana'antu ta Bompai.

"Baba, Inna ce ta aiko ni. Ta ce na rage wa agwagi fiffike."

"Ka taɓa yi?"

"Ban taɓa ba. Amma yanka ai yanka ne."

Na nuna masa akurki. Rakiya ta shige ɗaki ta saki labule tunda namiji ya shigo, Ladi tana can bakin kamfani da kaskonta, don masu aikin Lahadi ma suna cin ƙosai. Ni kuma ban iya tsayawa kallo ba, na ɗauki fartanya na tafi lambu. Ban yi aikin komai ba. Na zauna ina kallon tsattsewa suna shawagi a kan wayoyin wuta, ina jin haushinsu.

Da na dawo Idrisu ya share gashin ya tara wuri ɗaya, yana goge almakashinsa.

"An gama, Baba. Ku duba ku gani."

Ban duba ba. Na yi masa godiya, na ce Allah ya sauki iyali lafiya.

Allah kuwa ya sauke ta lafiya a cikin makon, aka samu mace. Da yamma Ladi ta aiko cewa gobe da safe za ta zo ɗaukar rabonta. Na ce a gaya mata ta same ni a lambu, don na yi niyyar su yi wankansu na ƙarshe su bakwai tare.

Safiyar ta yi sanyi ƙwarai, har ruwan kwata na tururi. Agwagin suna ciki suna ta nutso, kazar na gindin jigo ta kumbura gashi. Ladi ta gangaro da kwando da igiya, ta lulluɓa da zane biyu.

"Barka da arziki," na ce. "An ce jaririyar da ke take kama. Allah ya ba ta haƙuri."

"Da Kanawa ta yi kama, tana fitowa ta damƙe hannu. Kamo mini su, ruwan zafi na kan wuta."

Na naɗe wando na sa ƙafa a ruwa ke nan sai fiton nan ya taso daga yamma. Wannan karon da rana ne, na gan su. Wani dogon layi ya biyo kogi, ƙafafu a sake, fuskoki farare, suna busa usur ɗinsu. Nawa bakwai suka miƙe wuya lokaci ɗaya. Suka amsa. Babban cikinsu ya buga fiffike ya ruga a kan ruwa, na ce a raina, wayyo, yanzu zai kife. Agwagwar da aka rage wa fiffike haka take yi, ta ɗan ɗaga, ta karkace, ta faɗo.

Bai karkace ba. Ya ɗaga da ƙyar, ƙafarsa ta shafi dangar kara, amma ya haye. Sauran suka bi shi. Suna ta faman bugawa da sauri-sauri kamar mai tuƙa keke a hawa, ƙasa-ƙasa, amma a miƙe sak, har suka cim ma wutsiyar layin suka shige ciki.

Ni ina tsaye a ruwa har gwiwa, baki buɗe. Ban san na ɗaga hannu ina yi musu Allah ya kiyaye ba sai da Ladi ta jefe ni da igiya.

Daidai nan Idrisu ya biyo hanya a kan kekensa, ya taso daga aikin dare. Ladi ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne.

"Kai! Kai wannan! Zo nan. Me ka yi wa agwagin nan?"

"Na rage musu, Inna, kamar yadda kika ce."

"Wane fiffiken ka rage?"

"Duka biyun."

"Duka biyun!"

"Daidai da daidai. Sai da na haɗa su na gwada, ko gashi ɗaya bai fi wani ba."

Ladi ta ɗora hannu biyu a ka. "Ɗaya ake yankewa, ɗan nan! Ɗaya! Don in ta tashi ta rinjaya gefe ta faɗo. Kai ka yi musu aski ne kawai za su je gaida dangi!"

Idrisu ya sauko daga keke, fuskarsa duk mamaki. "Inna, a wurinmu wanda ya yanke gefe ɗaya ya bar ɗaya, ranar zai ajiye almakashi. Da na yanke na dama na ga abin ya yi muni, kamar riga mai hannu ɗaya."

Dariya ta kece mini. Na yi ƙoƙarin mayar da ita tari, ba ta yiwu ba. Ladi ta dube ni. Ta ɗauki kwandonta ta hau gangare. Ko kazarta ba ta waiwaya ba.

Da na koma gida na ba Rakiya labari, ba ta yi dariya ba. Ta shiga akurki ta kamo zakaranta, babban, wanda take tanadi don Salla, ta miƙo mini ta ce na yanka. Ta gyara shi ta kai gidan mai jego da kanta. Ladi ta karɓa ta yi godiya, amma ta ce a gaya wa Malam wannan alherin Rakiya ne, ba rabonta ba ne.

Daga ranar Ladi ta daina yi mini wasa. In na wuce ta wurin kaskonta sai ta ce, "Ina kwana, Malam Ashafa, ya sanyi?" kamar wani baƙo. Na ce mata mutanen Damagaram sun iya toya ƙosai ba wake, ta ce, "Allah ya ba mu haƙuri." Wannan ya fi zagi ciwo. Ran suna na je na zauna a cikin maza, aka raɗa wa yarinya Hauwa, aka raba goro, amma goron bai yi mini ɗanɗano ba.

Na sa raina sai na dawo mata da rabonta, ko da zuciyata ba ta so. Na gangara kogi. A kan wani tsibirin yashi, ƙasa da inda ruwan kamfanoni ke shigowa, ga su nan ɗaruruwa, sun tsaya da ƙafa ɗai-ɗai suna shan hantsi. Na kira su da irin kiran da nake yi musu in na kawo dusa. Duk suka juyo suka dube ni, suka mai da kai cikin fiffike. Wani masunci da ke gyaran koma ya tambaye ni ko lafiya.

Kazar ce ba ta fid da rai ba. Kullum na buɗe akurki sai ta kama hanyar lambu ita kaɗai, ta je gindin jigo ta yi ta tona ƙasa tana kira. Ganin haka na riƙa zuba dusa a wurin, na ce ko ba komai balbelu da kurciyoyi sa samu.

Bayan bikin suna da 'yan kwanaki, na iso lambu rana ba ta gama fitowa ba, tun daga danga na ji ruwa na motsi. Na leƙa a hankali. Kazar na tsaye a kan tudun kwata, ta baza gashi, tana ta ƙoƙ-ƙoƙ ɗinta na mai 'ya'ya. Kewaye da ita agwagi ne, sun fi ashirin, suna wawar dusa, wasu na iyo, ɗaya ma ya hau kan kunyar latas yana yi mini ɓarna.

Rabon da na yi gudu tun ina saurayi, amma ranar da gudu na koma cikin gari. Na tarar da Ladi tana ɗaure itace za ta fita, Idrisu na wanke fuska a ƙofar gida.

"Ladi, ɗauko kwando! Sun dawo!"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Bakano na gudu ba a kasuwa ba? Lalle duniya ta zo ƙarshe."

Jin haka na san ko ba a kama ko ɗaya ba na samu nawa.

Muka tafi mu huɗu, har da Rakiya da ta yafa mayafi ta biyo mu. Muka laɓe a bayan danga. Ladi ta sa ido a tsakanin kara, ta daɗe tana kallo. Na ga leɓenta na motsi.

"Bakwai na sani," ta ce a hankali. "Waɗannan fa?"

"Rakiya suka yi musu," na ce.

"Ni me na yi?" in ji matata.

"Ba ke ba. Rako su aka yi."

Ladi ta zunguri ɗanta da gwiwar hannu. "Kai ka yi musu askin. Nuna mini su."

Idrisu ya durƙusa ya ƙura ido. Ya duba na dama, ya duba na hagu. Duk sun naɗe fiffike a baya, duk dogayen wuya, wasu fuska ta yi fari tas, wasu da sauran toka-toka irin na ƙanana kamar namu, kuma masu tokar ma sun fi bakwai.

"Inna," ya ce, "aikin da ya yi kyau ba a ganin wurin yankan."

Ta ɗaga hannu kamar za ta kai masa duka, ta fasa don kada su tashi. Ta juya wajen kazar, ko ita za ta nuna nata. Kazar kuwa ta tono wata tsutsa, ta kira, wani ƙato mai farar fuska da ko shakka babu a kogi aka haife shi ya zo ya karɓa daga bakinta.

Jiniyar safe ta busa a kamfanin fata. Agwagin suka ɗaga kai gaba ɗaya, suka saurara, suka koma kan dusarsu. Ladi ta sauke kwandon a ƙasa ta zauna a kansa, ta gyara zanenta.

"Ni dai ban taɓa yanka baƙon da ya rako wani gida ba," ta ce. "To, Malam Ashafa, tsakaninka da Allah, a cikin nan waɗanne ne nawa?"